Dutsen Niƙan Inna

Sau huɗu ina ɗaukar dutsen niƙan Inna a ka. Tun da ruwa ya rushe gidanmu a wani ƙauye ta wajen Doguwa muka dawo Tudun Wada, ba mu sake zama a ɗakin kanmu ba, sai na aro. Bana mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, baɗi wani ya ce ƙanwarsa ta dawo tana son ɗakinta. Sai mu tattara.

Inna ba ta taɓa kafa dutsen nan ba. Mace in tana gidanta, ɗan gini ake yi mata a dasa dutsen a kai. Ita a ƙasa take ajiye shi ta tokare da tsingaro, tana niƙa yana gocewa, har bayanta ya kama ciwo. Ta ce ba za ta kafa abin da za a ce ta tumɓuke ba. Baba kuwa, da mutum ne mai hira, sai ya koma shiru. Ba shi da ƙofar gidan da zai shimfiɗa buzu a zo a gaishe shi. Ɗaki na yoyo ba zai yi yaɓe ba, kada a ce so yake ya gaje wurin. Ya rame, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture.

Ni lokacin ba a ɗauke ni a bakin komai ba. Na bar elementare a aji biyu, na yi dako, na je haƙar kuza a Riruwai na gudo. Wata Juma'a bayan an sauko na tafi wurin mai unguwa na ce fili nake so. Ya yi dariya ya ce ba a ba tuzuru fili, in turo mahaifina. Baba ya ƙi zuwa. Ya ce ya taɓa roƙo an ce ya jira, ba zai sake kai fuskarsa ba.

Haushi ya sa na tafi bakin kududdufi na fara yin tubali, ba fili ba komai. Masu wucewa suna tambaya ko a kaina zan gina. Kwana goma ina jerawa a rana. Rannan Baba ya biyo zai je gona, ya tsaya, ya ɗauki guda, ya matsa, ya marmashe a hannunsa.

“Wa ya koya maka wannan aikin banza? Ba ciyawa, ƙasar ma ba ka bari ta tsima ba.”

Na ce, “To Baba, ba wanda ya nuna min.”

Sai ya tuɓe riga, ya ɗaure wando, ya shiga cikin kwaɓin. Ranar ya yi faɗan da na shekara ban ji ya yi ba, ni kuwa daɗi nake ji. Duk abin da na jera muka rushe. Da sabon tubalin ya bushe, shi da kansa ya sayi goro ya tafi wurin mai unguwa, ya ce kayan gini irin wannan ba za a bar wa damina ba.

Aka ba mu fili. Ɗaki biyu muka tayar da ɗan zaure. Ba a ma ɗora jinka ba Inna ta ce in ɗebo ragowar kwaɓin. Ta nuna min kusurwa da ƙafa. Ni na kafa mata dutsen, da hannuna. Ta danna shi, ta sake dannawa, bai motsa ba. Sai ta ce in miƙo mata dawa.