Gonar Gwajin Da Na Kai Wa Shanu

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ni ba marubuci ba ne, a aji huɗu na tsaya a elementare, saboda haka a yi haƙuri da yadda maganar za ta fito. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, muna cikin jihar Kano a lokacin, ni matashi ne da bai daɗe da aure ba, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Noma na iya, sai ɗan karatun da ya isa in gane lamba a jikin buhu. Wannan ɗan karatun ne ya sa da mutanen wata jami'a suka zo neman wanda zai kula musu da gonar gwaji, dagaci ya nuna ni. Aka ɗauke ni a matsayin lebura. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini mene ne gwaji. Aka dai nuna mini wani saurayi aka ce ga malaminka, abin da ya ce ka yi, shi za ka yi.

Malamin nan da kaɗan ya girme ni. Siriri ne, ba shi da yawan magana, yana zuwa a kan babur daga Kazaure inda yake sauka da damina. Shi ma sabo ne a aikin, an turo shi daji shi kaɗai. Wata rana muna cin gyaɗa a gindin gawo ya gaya mini cewa aikin nan damina uku zai ɗauka, idan ya fito daidai za a ba shi babban digiri a riƙe shi a jami'a, idan bai fito ba kuwa sai ya nemi wani wajen. Na ce masa in Allah ya yarda ba zai ji kunya ta wajena ba. Da gaske nake.

Gonar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, shi ya ba da aronta. Tana bakin hanyar da ake bi zuwa kasuwar Roni. Malam ya yanka ta fili-fili, ya kafa turaku, waɗansu da jan fenti, waɗansu da fari. Gero iri ɗaya muka shuka a ko'ina. Filayen jan turke ya nuna mini gwangwanin da zan riƙa auna takin zamani in zuba. Na farin turke ya ce kada in zuba. Na tambaye shi dalili sau ɗaya, ya ce haka tsarin yake, ya ci gaba da rubutunsa. Ni sai na ɗauka takin da aka ba shi ne bai isa ba, yana jin nauyin faɗa. Ban ƙara tambaya ba, don a wajenmu ba a tone wa mutum rashi.

Ƙasar wajen ta gaji, kowa ya sani. Damina ta yi nisa, geron jan turke ya rufe mutum, na farin turke ya tsaya iya ƙugu, ganyensa rawaya kamar mai shawara. Ran kasuwa mutane sai su tsayar da jakuna su yi kallo. Wani ya ce wai ashe a jami'a rabin noma ake koyarwa. Wani ya ce in gaya wa malamina ya dawo gona a koya masa, ba sai ya biya ba. Abokan wasana suka sa mini suna sarkin noman akuya, wai geron nawa tsayin akuya aka yi shi don kada ta wahala. Ni duk wannan bai dame ni sosai ba. Kawu ne ya kasa ɗauka. Bayan girbi ya kira ni zaure ya ce shi tun da ubansa ya bar masa gonar nan ba a taɓa tsayawa a bakinta ana dariya ba, ko in gyara ta kafin baɗi ko ya karɓe abarsa ya shuka rogo. Na ce Kawu a yi haƙuri, aikin hukuma ne. Ya ce hukuma ba ta bin wannan hanyar ran kasuwa, shi yake bi.

Malam ya riga ya auna amfanin ya koma. Da rani ba ya zuwa, ba kuma wanda ake turowa, ni ban ma san ta inda ake aika saƙo ya same shi ba. Na zauna na yi tunani. Idan Kawu ya karɓe gona, aikin Malam ya mutu a shekarar farko. Sai na yi abin da kowane manomi a ƙasarmu zai yi wa gonar da ta gaji. Akwai wani Bafulatani abokin mahaifina da yake saukowa da shanunsa daga wajen Babura idan an gama girbi. Na je na gaishe shi, na ce Baffa ina so shanunka su kwana a gonarmu bana. Muka shirya a kan kara da ɗan hatsi kamar yadda aka saba. Na kuma nuna masa filayen farin turke, na ce a nan za a riƙa ɗaure su, a bar na ja, su suna da nasu. Har ya yi mini ba'a, ya ce bai taɓa ganin gonar da ake zaɓa wa saniya wajen kwanciya ba. Shanu suka yi rani a wajen. Da ruwa ya kusa na sa garmar shanu ta kife ƙasar kamar yadda Malam ya ce a riƙa yi kafin ya iso. Da ya zo, gona tana nan a share, turakunta a tsaye. Ban gaya masa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, so nake ya gani da idonsa ya yi murna.

A damina ta biyu geron farin turke ya kamo na ja, a waɗansu filayen har ya ɗara shi. Dariya ta tsaya a bakin hanya. Kawu ya koma zama a gindin gawon yana amsa gaisuwa. Malam kuwa sai ya tare a filayen farin turke, yana auna kara, yana ɗibar ƙasa a 'yan jakunkuna, yana magana shi kaɗai. Ya ce mini abin da yake gani a nan ba a gan shi a sauran wuraren da ake irin wannan gwajin ba, wataƙila ƙasar yankinmu tana da wani abu da ba a sani ba. Idonsa har ƙyalli yake. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina ashe na yi daidai, sai da rani na sake kiran Baffa.

A damina ta uku, gero ya fitar da kai, Malam ya ce babbansu zai zo ya gani da kansa, don a can jami'a an ƙi yarda da abin da ya kai musu. Suka zo da safe a farar mota. Wani tsohon Bature ne mai malafa, ba ya jin Hausa sai sannu. Kawu ya sa babbar riga ya fito. Baturen ya zagaya gonar, sannan ya tsuguna a wani filin farin turke, ya tona ƙasa da 'yar wuƙa, ya murza ta, ya kai hanci. Ya yi wa Malam magana, Malam ya juyo ya ce ana tambaya ko an taɓa yin wani abu a wajen nan kafin a fara gwaji. Na ga lokacina ya zo. Na ce ranka ya daɗe ba kafin a fara ba ne, ni ne na lura takinka bai isa ba, na kawo shanu suka kwana a kan duk filayen fari, rani biyu a jere, ban bari ko ɗaya ta taka na ja ba. Kawu ya karɓe maganar, ya ce a gaya wa Bature ɗan yayarsa ne wannan, noma a jininsa yake, da ba don shi ba da yanzu rogo ne a nan.

Malam ya dube ni. Ya ce in sake faɗa. Na sake, har na ƙara da sunan garin da shanun suke fitowa. Ya ɗan tsaya, Baturen yana jiran fassara. A wajen nan ba mai jin harsunan biyu sai shi kaɗai, direba yana can cikin mota. Ya juya ya faɗa wa Baturen, a hankali, bai yi tsawo ba. Baturen ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya dafa kafaɗar Malam, ya nufi mota. Malam ya tsuguna ya gaida Kawu, ya yi masa godiyar aron gona. Ni kuma ya ce mini sannu da ƙoƙari. Bai ɗaga murya ba. Na ɗauka zazzaɓi ne yake damunsa, har na ce ya nemi magani idan ya isa Kazaure.

Gero ya nuna na girbe, na ɗaure dammunan kowane fili daban kamar kullum, na jira ya zo da sikeli. Bai zo ba. Da gara ta fara taɓa su Kawu ya ce a zuba a rumbu. Muka ci geron nan, tuwonsa da furarsa, har ya ƙare.

Da rani sai ga direban nan ya dawo, ya ce an ce in haɗa kayana, za a kai ni kwas na masu kula da gonakin gwaji, wanda ba a taɓa yi ba sai bana. Matata ta yi guɗa. Aka kai ni garin da jami'ar take, aka haɗa mu da irina daga wurare da yawa. A safiyar farko wani malami ya shigo ya zana gida biyu a allo, kamar filayen gona biyu. Ya ce da Hausa, idan kana son sanin ko taki yana aiki, dole ka bar wani fili ba taki, don da shi za ka gwada. Ya ce filin da aka bari ya wahala shi ne zuciyar aikin, idan aka taɓa shi duk sauran sun zama gonar tuwo kawai. Sannan ya ce bari ya ba mu misali, wai akwai wani bawan Allah a can arewa da ya ji tausayin filayen da aka bari, ya kai musu shanu rani biyu. Aji ya fashe da dariya, har da masu buga benci. Na kusa da ni ya zungure ni ya ce wannan wane irin jaki ne. Na ce masa wallahi kuwa. Ban ji kunya ba a lokacin, ban ji baƙin ciki ba. Ban ji komai ba. Ina dai kallon gida biyun nan a allo har aka tashi.

Da aka fita na nemi masinjan sashen su Malam na tambaye shi labarinsa. Ya ce ai ya bar aiki. Damina ukun ba su ƙirgu ba, an ce sai dai ya faro daga farko, gurbin karatun da ake riƙe masa kuma an ba wani. Ya ce kafin Malam ya tafi shi ne ya dage wa manya sai an fara koyar da masu kula da gona, ya kuma ce a fara da ni. Na tambayi inda ya koma. Masinja ya ce wasu sun ce ma'aikatar gona, wasu sun ce kamfani a kudu. Na ce to. Na koma aji.

Na gama kwas, aka mayar da ni cikakken ma'aikaci, na yi shekaru ina kula da gonakin gwaji har ƙarfi ya fara ƙarewa. Ban sake ganinsa ba, ban kuma neme shi ba, don ban san abin da zan ce masa ba. Abin da ya fi tsaya mini ba shanun ba ne. Wannan ɗan tsayawar ce da ya yi kafin ya fassara. Da ya ga dama da ya ce wa Baturen tsoho ne yake yabon gonarsa, ba mai ganewa. Na daɗe ina juya wannan, har yanzu ban kai ƙarshensa ba.

Ban rubuto don a ce mini ba laifina ba ne, ko a ce laifina ne. Na gaji da wannan shari'ar a cikin kaina. Na rubuto ne saboda har gobe ina ganin ana sauke yara masu digiri a ƙauye su kaɗai, ba mai leƙa su, su kuma su ɗauki irina su ba shi umarni ba dalili. Ku manyan jami'a, wanda kuka tura daji ku riƙa bin sawunsa, ku koya masa yadda zai yi da mutanen da zai bar wa aikinsa idan ya juya baya. Ku malamai masu bincike, mai riƙe muku fartanya yana da tunani, idan ba ku cika masa shi da gaskiyar aikin ba zai cika da nasa, kuma da kyakkyawar niyya zai yi. Ku kuma 'yan uwana leburori da direbobi da masu wanke kwalabe, abin da ba ku gane ba kada ku gyara shi. Ku tambaya, idan aka ce haka tsarin yake ku sake tambaya, ko za a ce kun cika naci. Bayanin da rashinsa ya raba mutumin kirki da aikinsa bai fi a yi shi a tsaye a bakin gona ba. Ni sai da komai ya lalace aka ɗauke ni a mota aka kai ni na ji shi.