Jan Biron Gwaggo Talatu

Duk wanda ya san Gwaggo Talatu a unguwarmu ta Handsworth, nan ƙasar Turawa, ya san jan biron da ke soke a ɗankwalinta. Katin aurena ma sai da ta ba shi maki, huɗu bisa goma. Har yau matata ba ta yafe ba.

Da ta yi ritaya daga koyar da lissafi, sai ta buɗe aji kyauta a wani ɗakin council, wato ƙaramar hukuma. Rabin yaran 'ya'yan mutanen Kolombiya ne masu sharar ofisoshi. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council ta rubuto cewa an rufe ɗakin. Gwaggo ta zare biro, ta rubuta a ƙasan wasiƙar, "Babu hujja. A sake." Ta mayar musu da abarsu.

Ta kwashe ajin zuwa laundrette, shagon wanki da inji. Mai wurin ya ce, "Hajiya, nan sai mai wanki." Tun daga ranar, da labulen falona take zuwa. Wallahi an wanke labulen nan har maƙwabta suna ganin abin da nake ci.

Akwai Daniela, mai son zama injiniya. Malaminta ya hana ta A-level na lissafi, karatun share fagen jami'a, wai ta koyi gyaran gashi. Uwarta ba ta jin Turanci, don haka Gwaggo ta sa na kai ta makarantar, ita da Daniela.

"Mece ce ke a wurinta?" malamin ya tambayi Gwaggo.

"Gwaggonta."

Ya dubi Daniela, ya dubi Gwaggo.

"Ta wajen uba," ta ce, ko gezau.

"Gaskiya yarinyar ba ta shirya wa jami'a ba."

"Kai da aka ɗauka ka shirya ta, ina ka shiga?" Ta dangwara masa takardar jarrabawa. "Zauna ka yi tambaya ta bakwai. Ita minti shida ta yi."

Bai yi ba. Hannu dai ya sa a takardar shigarta ajin lissafin.

Bayan shekaru Gwaggo ta rasu. Ranar sadakar uku Daniela ta taso daga Manchester, injiniya sukutum. Ta nuna min gwajinta na ƙarshe a laundrette, tara bisa goma.

"Duka na ci fa. Gwaggo ta ce sauran maki ɗayan sai na dawo na koyar da wasu." Ta goge ido. "Kawu, labulen yana nan?"

Yana nan, abin da ya rage.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya duba takardarta da sassaucin da ba ta taɓa yi mana ba. Amin.