Isufu, sai bayan sutnans ka ce

Da safen nan labarin ya same ni, ina bakin ƙofar lakwal, makarantar da nake koyarwa. Isufu ya rasu. Na zauna kan dakali na kasa shiga aji.

Tare muka taso a Garhanga. Ni na zama mushe, wato malamin makaranta, shi ya tafi karatu waje, yana aiki a kan jijiyoyin zuciya. Ba likita ba ne. A ordinatar, wato kwamfuta, yake zana jijiyar da ta toshe, ya saka mata ɗan ƙarfen nan mai kama da raga da likitoci ke buɗe ta da shi, ya ga yadda jini zai bi kafin a taɓa mutum.

Ban taɓa gane aikin ba sai da ya zo hutun sallah, muka je lambun albasar yayana kusa da Madawa. Ya tsuguna inda hanyar ruwa ta rabu biyu, ya tura ƙasa da hannu. Gefe guda ya buɗe, ɗayan ya toshe.

"Ka gani? Haka jijiya take, nan wahalar take. In ka gyara wanga ba da hankali ba, ka kashe wancan."

Ranar ya ga ina jiƙa kanwa don ciwon ƙirji. Mu nan kowane ciwon ƙirji olsa ne. Ya karɓe kofin ya zubar, har na ji haushi. Ya yi ta buga waya sai da ya samo mini randebu, ranar ganin likitan zuciya a Yamai.

Shi ma yana ta murza kafaɗarsa ta hagu. Na ce, kai fa?

Ya yi dariya. "Gajiya ce. Bari in yi sutnans, in kare aikina gaban malamai, sannan in tahi a duba ni."

Bai kai ga sutnans ɗin ba. Matarsa ta ce ordinatar na kunne gabansa lokacin da ya faɗi.

Wallahi na gaji. Randebun nan jibi ne, tun makon jiya nake neman dalilin fasawa, hanya da nisa, jiki ba ƙarfi. Ɗazu na je tasha na kama wuri a motar Yamai.

Allah ya jiƙanka Isufu, ya yalwata kabarinka, ya raya yaranka. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In kuma ƙirjinka na ciwo, ajiye kanwar nan.