Baba Massaoudou Mai Tsaron Benci

A unguwar Banikanni ta Parakou, bayan garejin masu gyaran babur, akwai wata rumfar kwano da muke kira sal, a nan muke ɗaga ƙarfe. Wanda ya saba ganin wuraren motsa jiki a talabijin kada ma ya wahalar da kansa. Namu ƙarafunan duk gawar manyan motoci ce, gangunan birki da tsofaffin giya, sai siminti da aka zuba a bokitin fenti aka soka masa bututu. Madubin daga jikin wani kwabet aka ciro shi, ya tsage, sai ka ga kanka da kafaɗa uku. Akwai injin gudu da wani ya kawo daga Cotonou, tun zuwansa bai taɓa motsi ba, riguna muke ratayewa a kai. Da rana kwanon ya gasa mu, wurin ya cika da warin gumi da tsatsa da baƙin mai. Ni tela ne, likita ya koro ni nan saboda tumbi, kuma har yau tumbin yana nan lafiya lau.

Baba Massaoudou ne ya kafa rumfar tare da samarin unguwa. Mutumin Djougou ne. Da ƙuruciya dako ya yi a kasuwar Guéma, yana loda auduga da doya a manyan motoci, har bayansa ya gaji ya bari. Matarsa ta rasu da jimawa, 'yarsa ɗaya, Bilkissou, tana aure a Djougou. Ɗakin da yake haya na kwana ne kawai, a sal yake yini, tabarmar sallarsa da butarsa suna lungu.

Aikinsa tsayuwa a kan wanda ya kwanta a benci yana tura ƙarfe sama. Idan hannun mutum ya gaza, sandar kan ƙirji ko wuya take saukowa, don haka dole wani ya tsaya ta bayan kansa. Baba yana da dokarsa: ba ya taɓa sanda sai ka kira shi. Ko idonka zai fito, yana tsaye hannu a buɗe yana cewa, "Tura, da saura." Kana cewa "Baba!" ya ɗauke ta kamar taɓarya. Ba shi da gida, ba shi da babur, abin alfaharinsa guda ne, kuma kullum sai ya faɗa mana: a rumfar nan ƙarfe bai taɓa danne ɗan kowa ba.

Da daminar bara ya kwanta rashin lafiya, ya dawo ya ce zazzaɓi ne. Amma hannun hagu ya koma zaman aljihu, leɓensa ya ɗan karkace, buta ta riƙa suɓuce masa. Kowa ya gani. To wa zai dubi dattijo ya ce masa hannunsa ya mutu? A wurinmu ba a yin haka. Sai Djibril, wani ɗan zem mai yawo da fasinja a babur, wanda ya fi mu ƙirji duka, ya tsara abin a ɓoye. Kowa ya rage nauyi, kada wanda ya kira Baba, kuma duk sanda wani ya kwanta, mutum biyu su tsaya a bakin sandar nan da can kamar suna duba waya.

Muka kira wannan tsarin ladabi. Ni dai abin baƙin ciki yake ba ni, in ga tsoho tsaye yana jiran kiran da ba za a yi ba. Har tsokanarmu yake: "Yaran yanzu kun zama ragwaye. Wannan ai Bilkissou ma ta ɗaga shi tana goyo." Sai mu yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Ana haka wani direban tirela ɗan Nijar, Rashid, motarsa ta lalace a Parakou, ya shigo ya rage zaman jira. Ƙato ne, ya jera gangunan birki a sanda har ta lanƙwasa. Kafin wani ya ja shi gefe ya faɗa masa tsarinmu, Baba ya riga ya tsaya a kansa yana faɗa masa doka, fuskarsa cike da murna. Rashid ya tura ƙarfen yana nishi, can hannunsa ya soma rawa.

"Baba!"

Hannun daman Baba ya cafke sandar. Na hagu ya fito daga aljihu ya taɓa ta ya zame. Sandar ta karkata tana neman wuyan Rashid, amma ba ta kai ba, Djibril da abokinsa sun riga sun tare ta nan da can. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya rugo, wayoyinsu ma suna aljihu. Saurin nan ne ya tona mu. Rashid ya tashi yana shafa kafaɗa yana cewa, "Ba komai, tsoho, sa va." Baba ko kallonsa bai yi ba, Djibril yake kallo.

"Tun yaushe kuka sani?"

Djibril ya sunkuyar da kai. "Tun damina, Baba."

"Tun damina," in ji shi. "Ni na zaci zai warware. Ku da kuke gani kuka bar ni tsaye a kan wuyan 'ya'yan mutane?"

"Kunyarka muka ji, Baba."

"Da yaron nan ya mutu, kunyar taku ce za ta je wurin uwarsa?"

Baba ya nufi lungu. Ya naɗe tabarmarsa da hannu ɗaya, ta warware, ya sake naɗewa, kuma ba wanda ya iya matsawa ya kama masa. Kafin Juma'a Bilkissou ta zo ta tafi da shi.

Bayan ƙaramar salla na kai ɗinki Djougou, na biya ta wurinsa. Na same shi a ƙofar gida a kujerar roba, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen sal ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya riƙa murza hannun hagun da na dama.

"Wa ke tsayawa yanzu?"

Na so in ce Djibril, don ya ji daɗi. Amma na ga irin wannan ladabin ne ya kawo shi kan kujerar nan. Na ce, "Ba kowa, Baba. Mai walda ya kafa ƙarfe biyu a gefen bencin. Idan sanda ta faɗi, su take sauka a kai."

"Suna riƙewa?"

"Suna riƙewa."

"To, madalla," ya ce. Ya juya fuskarsa wajen titi, ya kira jikarsa ta kawo wa baƙo ruwa.