Kawu Sale da Kunnen Inna Hajara

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Brik ya san yatsan nan nasa. Kana tsakiyar gaishe shi sai ya ɗaga shi sama: "Tsit! Kada kowa ya motsa!" Ka juya, ashe wani ɗan tsuntsu ne a kan wayar lantarki. Tela ne fa, amma kyamara ba ta barin wuyansa, kuma mutum ɗaya bai taɓa ɗauka ba. Inna Hajara, matarsa, ta yi shekara talatin tana roƙon hoto ɗaya tak.

Wata rana shirwa ta suri tsoka a teburin Malam Buba mai soya, wato tsire. Malam Buba ya rarumi sanda, Kawu ya riƙe masa hannu.

"Bar ta ta dawo, ban same ta da kyau ba!"

"Haba Malam Sale, namana ne fa!"

"Nama kullum kana da shi. Fiffike irin wannan kana da shi?"

Ni kuwa tawa ta fi ciwo. Ranar bikina a unguwar Tsinga uwata ta rantse ƙaninta zai ji kunya ya ɗauki amarya hoto. Na sha lalle, na sha gwaggwaro, ina ta murmushi har kumatuna suka gaji. Da hotuna suka fito, wallahi ƙadangare ne jan gwada a katangar bayana, kala goma sha biyu!

"Kawu, ina nake?"

"Ke ai mun san ki. Dubi yadda wannan ya yi ado, ya fi angonki."

Wata uku ban gaishe shi ba, shi ko a jikinsa.

Inna ma ta taɓa tare shi a ƙofa, ya saɓi jaka zai hau dutsen Mbankolo neman hazbiya.

"Malam, ni fa? Ko kaza ta fi ni daraja a gidan nan?"

"Hajara, su tashi suke yi. Ke kullum kina nan."

Da ciwo ya kwantar da shi a lopital, wato asibiti, rannan ya ce in miƙo masa kyamara. "Hajara, tsaya jikin taga." Wayyo, zo ku ga Inna! Ta gyara mayafi, ta share hawaye, ta tsaya ƙyam. Ƙyas! Bayan kwana huɗu ya cika.

Bayan sadakar bakwai na kai aka wanko hoton. Kurciya ce zaune a taga, tar da ita. A can gefe, ga kunnen Inna da rabin ɗankunne. Na miƙa wa Inna shi. Ita kuwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta rungume hoton.

"A sa masa gilashi. Malam dai ya juyo da kyamarar wajena."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Ya ba Inna haƙuri, don har yau ba ta bari kowa ya goge gilashin nan sai ita.