Tsinken Ashana a Bayan Kabad

Sau biyu ina kinkimar rediyon falonmu daga Samaru zuwa Sabon Gari, saboda yana cikin magana sai ya ɗauke. A shagon mai gyara kuwa garau yake yi. Har macuci na kira mutumin. Ya ce, "Malam, je ka duba soket ɗinka."

Na dawo ina huci, na bi wayar ekistenshan har bayan kabad. Wayoyi tsirara ne a soket, an tokare su da tsinken ashana, bango ya yi baƙi, labule yana gogar wurin. Ni na cusa su ranar sunan 'yata, na ce gobe zan sa fulogi. Yarinyar yanzu tana aji uku.