Kaskon Man Motar Baba

Shekara goma sha ɗaya motar babanmu ta yi tsaye a gindin itacen bedi, a gidanmu na Madawa. Bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, fara a zamaninta, daga baya ta koma kalar ƙasar Adar. Da ita ya yi aikin furoje a yankin Keita, lokacin da aka tashi raya ƙasa. Ya kwashi duwatsu zuwa bakin kwazazzabai, ya kai dashen itatuwa kan tuddan Garhanga, mata a baya riƙe da shebur suna waƙa. Ina yarinya nakan zauna gaba, barci na ɗibata, duwatsu na wucewa ta taga.

Kullum da safe, kafin ya tada ta, sai ya durƙusa ya shafa cikinta, ya murza yatsu ya shinshina. Kullum kuwa akwai ɗigon baƙin mai guda. Sai ya ce, "Ta yi hitsarinta, lahiya lau take."

Shekarar da likita ya gaya mini idon Baba ba zai kai wata damina yana gani ba, ban faɗa masa ba, amma ya sani. Wata rana da hantsi ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, ina so in ga itacen da munka dasa. Amma cikin motag ga za ni, ba cikin ta haya ba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Injinta ya mutu murus, kayansa ma an daina kawowa. Amma tsoro ya fi haushin yawa, don kaka ta kusa, in ganye ya zube babu abin da zai gani ko da idon yana nan.

Na tafi wurin taubashina, makanike ne a bakin tasha. Ya dube ni ya ce ashe malaman lakwal irina, masu koyar da boko, ma suna haukacewa. Na ce ai a gidansu na koya. Cikin mako biyu ya samo injin zamani daga wata mota da ta kife, ya ɗaure shi a sarƙa, ya sauke shi a hankali cikin ƙirjin tsohuwa. Saura kamar taƙi ɗaya ya zauna, sai muka ji ƙwas.

Kaskon mai ne, wanda suke kira kartar, kwanon da ke ƙasan inji inda mai yake taruwa. Na sabon injin tumbinsa a gaba yake, daidai inda ƙarfen da ya gitta ƙirjin motar da sandar sitiyari suke. Na tsohon injin tumbinsa a baya yake, amma ramukan ƙusoshinsa ba su dace da sabon ba. In an ɗaga injin, murfi ba zai rufu ba. In an yanke ƙarfen, an karya wa mota ƙashin baya. Kuma ko da ya shiga, ya yi ƙasa da yawa, dutsen farko a hanyar Buza zai farke shi.

Kwana huɗu taubashina yana kwance ƙarƙashin motar yana tsaki. Rana ta biyar ya fito da dariya, ya aika aka sayo yumɓu wurin masu ginin tukwane. Ya cusa shi a sararin da ke tsakanin inji da ƙarfe, ya danna, ya gyara da yatsa, ya zaro. Ga siffar kaskon da babu shi a duniya.

Muka ɗauke ta a kwali zuwa Buza, wurin wani dattijo mai zubin tukwanen dalma, wanda ke narka gwangwanaye da tsofaffin fistin na mota. Ya juya yumɓun, ya juya, ya ce, "Ɗiyata, wagga tukunya mi za a dahwa cikinta?" Na ce mai. Ya ce to, Allah shi ba da sa'a. Ya binne siffar a yashi mai laima, ya zare ta, ya zuba dalma a gurbinta tana sheƙi. Na tsaya ina kallon hayaƙin, har na ga kamar matan nan ne a bayan mota, sun dawo da waƙarsu. Da aka fasa yashin, sai ga kasko da ɗan tauraron da yake sa wa gindin kowace tukunya tasa. Hannu ya saba.

Taubashina ya goge bakin kaskon, ya huda ramuka, ya lanƙwasa tiyon da ke zuƙo mai ya koma baya, ya yi wa sandar awon mai sabon zane. Amma ya gargaɗe ni cewa zubin yashi ba ya rasa 'yan ƙofofi kamar na allura, zai riƙa tsattsafowa. Na yi masa masifa ranar har masu shayi suka ba ni haƙuri. Duk wannan wahala, a ce mota na yoyo?

Ranar tafiya aka kawo ta ƙofar gida, an wanke, inji na aiki shiru. Baba ya fito da sandarsa ya tsaya ya karkata kai yana saurare. Fuskarsa ta canza.

"Wagga ba tawa ba ce. Tawa tun daga tasha aka jin ta. Kun sayo wata kun shahwa mata ƙasa."

Na rantse, taubashina ya rantse, amma Baba ya ce shi ba ya shiga. Ya juya zai koma zaure. Hawaye ya zo mini. Sai ya tsaya, ya dawo, ya ba ni sandar, ya durƙusa da ƙyar ya miƙa hannu ƙarƙashinta. Ya daɗe yana lalube. Ya fito da yatsu, ya murza, ya kai hanci.

"Ita ta," ya ce. "Buɗe mini ƙohwa."

Mun wuce Buza rana na tsaka, duwatsu na bugun ƙasan motar, kasko bai ce uffan ba. Da muka hau tudun Garhanga Baba ya ce a kashe inji. Bagaruwa da dakwara sun rufe gangaren da ya sani tsirara, iska na kaɗa su. Na fara lissafa masa abin da ke gabanmu, sai ya ɗaga hannu.

"Yi kurum, uwata. Ina ganin kore."

Muka zauna har la'asar. Taubashina ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce ɗigo uku ta yi, ko in yi masa masifar yanzu? Ni dai ina riƙe da hannun Baba, yatsunsa na warin mai.